Sojojin da Suka Juya wa Ganuwa Baya

"…da mutanen gida? Au, na manta, mutanen gidanka buhun siminti ne da cokalin gini. Suna lafiya?"

"Suna gaishe ki, Guntuwa. Sun ce in duba musu ko kin ƙara tsawo, na ce kada su sa rai."

Da wannan matata ta tari ɗan kawunta wata Asabar bayan azahar, tun bai gama shigo da ƙafarsa ta biyu cikin shagon ba. Shagon nata ne. Injin hoton takardu na bakin ƙofa, kantar gilashi na gefe cike da wayoyin caji da tarkacen waya, sai ɗan ɗaki a baya inda take kwance kwamfutocin mutane ta gyara. Ni malamin makaranta ne, amma ran Asabar ni ne mai jera takardu da ɗinke su, kuma har yau ban ji an ce min sannu ba.

Shi magini ne, ƙato, mai faɗin kafaɗa. Shi ɗan kawunta, ita 'yar gwaggonsa, saboda haka tun suna yara aka sakar wa kowannensu mutuncin ɗan'uwansa ya yi yadda ya ga dama da shi. Tana kiransa Kan Bulo, yana kiranta Guntuwa. Sau ɗaya na taɓa shiga tsakaninsu, farkon aurenmu, suka bar faɗansu suka yi min ca, tun daga nan na kama kaina.

Amma ranar na lura da wani abu. Ya rama, gaskiya ne, sai dai bai biyo da dariyar nan tasa mai girgiza gilashin kanta ba. Ya zauna a benci, ya ɗora wani abu naɗe da tawul a kan cinyarsa, ya warware. Tsohuwar kwamfuta ce, irin ta ɗauka a hannu.

"Me ka kashe kuma?" in ji matata.

"Ban kashe komai ba. Ni ake kashewa."

"Madalla. Wa zan aika wa tukuici?"

"Ɗana."

Sai na ajiye takardun da ke hannuna. Ɗan nasa ɗaya ne tal. Yana ƙarami auren iyayensa ya mutu, uwar ta tafi da shi wani gari mai nisa, can ya girma, yanzu har ya shiga jami'a. Babu faɗa tsakanin uban da ɗan, kuma da faɗan ne ma da sauƙi. Shiru ne a tsakaninsu. Na sha jin wayarsu da kunnena: "Lafiya?" "Lafiya." "Karatu?" "Da godiya." Sai numfashi, sai sallama. Jini ɗaya ne, kowannensu ya gwammace magana ta ruɓe masa a ciki da ya furta ta.

To, watannin baya yaron ya turo masa wani wasan kwamfuta, irin wanda ake ba ka ɗan ƙauye da mutane kaɗan, ka raya shi ya zama daula ta zamanin dawakai da kibau. Ya ce duk Asabar bayan la'asar su haɗu a ciki, shi daga can, uban daga nan, a taswira ɗaya, tare da wasu sarakunan da kwamfuta ke juyawa. Ba murya, ba hira, kowa da garinsa. Saboda wannan kaɗai Magini ya nemo kwamfutar, mutumin da ko saƙon waya sai ya yi gumi yake rubutawa.

"Matsalar ita ce ba na daɗewa," in ji shi. "Kafin shayina ya huce an ƙone garina. Da an ƙone, wasan ya yi waje da ni. Shi ke nan, sai wata Asabar."

Ya zaro waya ya miƙa mata. Na leƙa ta kafaɗarta. Yaron ne ya rubuto: "Baba, na ga kamar ba ka so. Mu gwada na wannan Asabar ɗin, in bai yiwu ba mu bar shi kawai."

"Ya gaji da wasa da rago," in ji Magini. "Ban ga laifinsa ba. Ke kuma an ce kin iya shirmen nan."

"An ce? Ni da na ci duniya da ƙafa ɗaya a ɗaure, ni za a ce wa an ce?"

Gaskiyarta ne. Shekarar da ta karye a ƙafa ta yi watanni a kwance, a nan ta koyi wasan. Ita tana cin ƙasashe a ɗaki, ni ina ƙona tukunya a kicin. Ban taɓa yafe wa wasan nan ba.

"Ba so nake in ci shi ba," in ji Magini, idonsa a kan tawul ɗin. "So nake in daɗe. Ki koya min yadda ake daɗewa."

Maganar ta taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Na san ta taɓa ta ita ma, don sai da ta juya tana gyara wayoyin cajin da babu abin da ya same su. Amma a tsakaninsu ba a nuna tausayi tsirara, sai an sa masa riga.

"Tashi mu shiga ciki, Kan Bulo. Amma ka sani, daga yau ni ce uwargijiyarka."

"Ni ɗan namiji ne, ke 'yar mace. Ko duniya kika ci, baiwata ce ta ci."

"Ubangidan da ya zo roƙo da tawul a hammata. Wuce, kada ka buge min fitila da wannan kan."

Na ɗauki kujerata na bi su, na zauna a bakin ƙofar ɗakin inda zan riƙa hango shago. Ta ture wasu buɗaɗɗun kwamfutoci gefe, ta kunna tasa, ta buɗe masa wasan gwaji, shi da sarakunan kwamfuta kawai. Ga ɗan gidan sarauta a tsakiyar allo, ga mutane 'yan ƙalilan a tsaye, ga doki ɗaya da mahayinsa. Duk sauran taswirar baƙi ƙirin.

"Yi yadda ka saba, in ga ta inda cutar take."

Hannunsa ya rufe linzamin kwamfutar ruf, ko wutsiyarsa ba a gani. A hankali ya tattara mutanen duka, ya kora su wajen wani tsauni.

"Ina za ka kai su?"

"Fasa dutse."

"Dukansu?"

"Garin da ba ganuwa ai juji ne."

"Su ci me?"

"In an gama aiki a ci."

"Haka kake wa leburorinka? Shi ya sa. Ranar nan na ga iska ta ɗauke ɗaya daga kan bene, har yanzu danginsa na cigiya."

"Leburorina har tumbi gare su. Ke da kike ci sau biyar, ina abin ya tafi? Ko sama bai je ba."

"Ya tafi ƙwaƙwalwa, wurin da ba ka da reshe. Dawo da su. Abinci ne farko, Kan Bulo, abinci. Mafi yawa su tafi gona da kamun kifi, kaɗan su sari itace. Dutse ya jira. Kuma gidan sarautar nan kada ka bar shi ya huta. Yana fito da ma'aikaci ɗaya, ka sa a fito da wani. Farkon wasan nan yawan hannu ake nema, ba tsayin bango ba."

Ya dawo da su yana ƙunƙuni. Ta sa shi ya gina rumbu a bakin gonakin, ta ce kada manomi ya ƙare ranarsa a hanya da kaya a kai.

"Wannan kam magana ce," in ji shi. "Yashi kusa da wurin kwaɓi. A bakin wa kika ji?"

"A bakin wanda ya fi ka hankali. Ba su da wuyar samu."

Aka ci gaba. Ya gina gidaje don mutanen da ke ƙaruwa. Can sai muka ga gida ɗaya ya ruguje, ƙura ta tashi.

"Innalillahi! Wa ya kawo hari?" in ji matata.

"Ni na rushe shi. Ya karkace."

"Ya me?"

"Ya fita daga layi. Ba zan sa hannuna a karkataccen gini ba, ko na wasa ne."

"Malam, ka ji ɗan'uwan matarka? Maƙiya na wasa takobi, shi yana ja wa kwamfuta igiyar awo."

Na ci gaba da leƙen shago. Na riga na faɗa muku na kama kaina tuntuni.

"Dokin nan fa," ta nuna da biro, "me yake yi a tsaye tun ɗazu?"

"Gadi."

"Gadin me? Kajin da ba ka da su? Kore shi ya zagaya. Duk inda ya taka, baƙin nan zai yaye. Ka san inda kogi yake, inda ƙarfe yake, inda maƙwabta suke, da ta wace hanya za a zo maka."

"In aka kashe shi fa?"

"Ka san inda ake kisa ke nan, ka daina bi ta can."

"Ba ki da imani, Guntuwa. Malam, da ido biyu kake kwana ko?"

Dokin ya tafi, ƙasa ta fara buɗewa. Ga kogi ta gabas, ga daji, ga wata 'yar siririyar hanya tsakanin duwatsu biyu. Ta ce a nan kawai zai sa ɗan shinge da masu mashi kaɗan, ba sai ya kewaye duniya ba. Ta ce kada ya taɓa ginin alfarma, ko hasumiya ko babbar fada, sai rumbuna sun cika. Kada ya matse mutane da haraji tun garin bai tsaya da ƙafarsa ba, za su watse. Kada ya kafa gari na biyu tun bai iya tsare na farko ba. Kuma kada ya tsokani kowa.

"Ko sun tsokane ni?"

"Ko sun zagi kanka. Ai ba ƙarya za su yi ba."

Wata mata ta yi sallama tana son hoton takardun asibiti, na fita na sallame ta. Injin ya cije takarda kamar yadda ya saba, na yi ta fama. Da na dawo na tarar garin Magini ya yi kyan gani, gonaki sun yi kore, mutane na kai da kawo, shi kuma ya matso da fuskarsa har hancinsa na neman taɓa allon. Har ya fara murmushi.

Ana cikin haka wani ɗan akwati ya faɗo a tsakiyar allon, da hoton mutum riƙe da tuta da rubutu ƙanana a ƙasa. Tun da muka zauna hannun Magini rarrafe yake yi, amma wannan karon kafin in ƙifta ido ya danna, akwatin ya ɓace.

"Me ka rufe?" in ji matata.

"Ɗan damfara."

"Wane ɗan damfara?"

"Akwatin nan mai faɗowa. Ba ke kika ce min ba? Ranar da wayata ta haukace na kawo miki, kika ce duk akwatin da ya faɗo yana tambayata e ko a'a, in danna a'a, kada in tsaya karantawa. Har kika sa na maimaita a gaban mutane."

"A waya na ce!"

"Allo ai allo ne."

Ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Wayyo Allah, Kan Bulo! Jakada ne! Sarkin maƙwabta ne ya aiko yana neman ƙawance, ku yi ciniki, kowa ya tsare wa ɗan'uwansa baya. Wannan ne ma babban sirrin farkon wasan. Ba wanda ke tsira shi kaɗai. Kai kuma ka kori baƙo daga ƙofa kamar…"

Ba ta ƙarasa ba. Ta ajiye biron.

"Tsaya. In kuna wasa da yaron, akwatin nan yana faɗo maka?"

"Kullum. Tun kafin in aza dutsen farko. Naci gare shi, in kore shi ya dawo, in kore shi ya dawo."

"Da wace irin tuta?"

"Koriya."

"Shi yaron wace kala ce tasa?"

"Koriya. Ai shi ya sa na ce 'yan damfarar nan sun ƙware, har kalar ɗana suka sato."

"Bayan ka kore shi fa, sai me?"

"Sai yaron ya turo min sojoji. Su zo su yi layi a gindin ganuwata. Ni kuma in hau da maharba in yi ta zuba musu kibau. Ai yaƙi ne. Kada ya ce ubansa ko hannu ba ya iya ɗagawa."

"Suna ramawa?"

"Ko sau ɗaya. Abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Ko kallona ba sa yi. Baya suke juya wa ganuwar, suna kallon daji. Raini ne kawai. Ina harbi suna zubewa, ba mai waiwayowa."

"To wa ke ƙone garin?"

"Jajaye. Daga dajin suke fitowa, bayan na gama da kora…"

Na ga lokacin da maganar ta fita daga bakinsa ta zagayo ta shiga kunnensa. Hannunsa ya saki linzamin. A kan allo manoma na ta kai kaya rumbu, ba abin da ya dame su.

Matata ta sassauta murya. Tun da na aure ta ban taɓa jin ta kira shi haka ba.

"Ɗan'uwana, sojan da ya juya wa ganuwarka baya, gadinka yake yi."

Ya dubi tafin hannunsa, fari fat da tsohon siminti a cikin tsagar fata, kamar yau ya fara ganinsa. Na tuna saƙon nan: na ga kamar ba ka so. Watanni yaro yana ƙwanƙwasa ƙofar ubansa ta hanyar da ya iya, uban yana amsa masa da a'a, sannan ya bi shi da kibiya. Kuma duk da haka Asabar na zagayowa ya sake zuwa ya tsaya.

Aka kira la'asar. Ban taɓa jin daɗin kiran salla kamar na ranar ba, don ban san abin da zan ce ba. Muka fita ni da shi. Ya daɗe yana wanke fuska, fiye da abin da alwala ke bukata, ni kuma na yi kamar ina gyara takalmi.

Da muka dawo ta riga ta haɗa masa komai, ta ja kujerarta baya. Idonta ya yi ja.

"Ni na ce ka riƙa danna a'a," in ji ta.

"Ke kika ce."

"Amma ban ce ka zama jaki ba."

"Kada ki zagi jaki. Shi in ɗansa ya tsaya a gabansa yana gane shi."

Ta buɗe baki za ta rama, ta fasa. Wannan ma ban taɓa gani ba.

Aka shiga wasan gaske. Sunan yaron ya bayyana a gefen allo da 'yar tutarsa koriya. Magini ya gyara zama. Ya tura mutane gona, ya tura kaɗan itace, ya kafa rumbu a bakin gona, ya kori doki. Duk abin da aka koya masa ya yi, ba gardama. Amma rabin idonsa na tsakiyar allo, inda akwatin ke faɗowa. Ya ɗaga yatsansa daga kan linzamin, ya riƙe shi a sama, don kada ya riga shi.

Akwatin bai faɗo ba.

Gonaki suka nuna, rumbu ya fara cika, gidaje suka ƙaru. Shiru. Ba jakada, ba koren soja ko ɗaya a bakin garinsa.

"Da yanzu ya zo," in ji Magini. "Da yanzu ya zo ya koma ya sake zuwa."

"Na sani."

"Ya daina ke nan."

"Ya gaji da shan kibiya. Ko kai ne."

"To yanzu fa, uwargijiya?"

Ba da wasa ya faɗa ba, kuma ba ta ɗauke shi da wasa ba. Ta nuna masa wata 'yar alama a kusurwar allo. "Ka ga wannan? Nan ake aika jakada. Yau kai za ka aika."

Ya kai linzamin wurin, kibiyar allon na ta karkarwa, tana wuce alamar tana dawowa.

"Danna min, Guntuwa. Hannuna ba ya tsayawa."

"Ni ba ubansa ba ce."

"Ko don zumunci."

"Don zumuncin ne na ƙi. Hannun da ke ɗaga bulo biyu a lokaci ɗaya, yau ɗan maɓalli ya gagare shi? Danna, ko in fita in tara maka leburorinka su zo kallo."

Ya danna. Wani akwatin ya buɗe, ta karanta masa a hankali, kalma bayan kalma. Ana tambaya wa za a aika wa, da me ake nema, da ko za a haɗa da kyauta.

"Ana haɗawa da kyauta?"

"Ba dole ba ne. Bar wurin haka."

"In aika wa ɗana mutum hannu rabbana?" Ya duba abin da ya tara. Ya kama ma'aunin abinci ya ja shi har ƙarshe.

"Kai! Duka rumbun ke nan! Mayar da shi! In ka aika wannan ba ka da abin fito da ma'aikaci ko ɗaya, ba ka da abin ɗaukar soja. Jajaye na hanya. Duk abin da na koya maka tun azahar ka rusa."

"Yaro ne a garin mutane. Ban san me yake ci ba."

"Na wasa ne, Kan Bulo, ba ya shiga ciki!"

"Na sani," in ji shi, ya danna.

Rumbun ya koma fanko. Jakadan ya tafi. Muka zauna mu uku muna kallon allo, fankar silin na juyawa. Wani ya yi sallama a shago, na ce masa an tashi, ko waiwayawa ban yi ba. Can bakin dajin wasu 'yan jajayen ɗigo suka fara motsi. Matata ta gan su, na gan su, ba wanda ya nuna masa. Leɓensa na motsi, ban san ko addu'a yake ko lissafin abin da zai ce wa kansa in an ƙi ba.

Sai aka busa wani ɗan ƙaho a cikin wasan. Baƙin da ya rufe rabin taswirar ya yaye gaba ɗaya.

"Me ya faru? Na ɓata wani abu?"

"Ya karɓa," in ji ta. "In aka ƙulla ƙawance, abin da yake gani kai ma kana gani. Garinsa ke nan."

Magini ya matso. Ga garin ɗansa shimfiɗe a bakin kogi, da kasuwa da jiragen ruwa da gonaki har gaɓa. Ya bi shi da ido lungu lungu, yadda yake duba ginin da wani ya yi. Sannan ya tsaya a kan wani dogon zare mai ruwan ƙasa da ya fito daga ƙofar garin, ya ratsa daji, ya miƙe.

"Wannan fa?"

"Hanya ce. Shimfiɗaɗɗiya, don sojoji su yi sauri."

"Ina ta nufa?"

Ya bi ta da ido. Hanyar ta zo har kusa da gonakinsa ta tsaya, daidai inda kibiya ba ta kaiwa. Yau ma da bai aiko jakada ba, tun farkon wasan yaron yana gina ta. Yanzu korayen dawakai sun hau kanta, suna tahowa a guje.

Wayar Magini ta yi ƙara a kan tebur. Ya dubi sunan, ya dube mu. Hannu ɗaya na kan linzami, ɗayan ya rasa inda zai sa kansa.

Matata ta tashi ta fita shago. Na ji ƙarar buɗe kantar gilashi, na ji an yage leda. Ta dawo da sabon abin sawa a kunne, irin mai ɗan makirufo, wanda ko ni na roƙa ta hana. Ta soka shi a wayar, ta cusa masa a kunne da ƙarfin da bai zama dole ba.

"Kyauta ce. Kada ka saba."

"Baiwa ba ta yi wa ubangida kyauta," in ji shi. "Haraji ne."

"Amsa, kafin in ƙwace abina."

Ya amsa. Ya yi gyaran murya. "Lafiya?"

Na ce a raina shi ke nan, an koma gidan jiya. Amma ɗakin shiru ne, muryar yaron na fitowa siririya ta abin kunnen, kuma dariya yake yi, irin dariyar da ke kusa da kuka.

"Baba, abincinka duka ka aiko min? Mutanenka fa?"

"Gwaggonka ma faɗan da take min ke nan." Ya gyara abin kunnen. "Ban iya ba ne. Tuntuni ban iya ba. Faɗa min yadda ake yi."

Matata ta kama hannun rigata ta ja ni waje, ta janyo ƙofar a hankali. Ta jingina da injin hoton takardu tana share ido da bakin mayafi, sai kuma dariya ta ƙwace mata.

"Rumbu guda, Malam. Na yi shekaru ina wasan nan, ban taɓa ganin dabara marar kan gado irin wannan ba, kuma ta fi duk nawa. Yau dai Kan Bulo ya ci ni. In ka faɗa masa na ce haka, a shagon nan za ka kwana."

Ta bayan ƙofa muna jin muryarsa, ƙasa ƙasa.

"A'a, kada ka yi sauri. Maimaita min. Ina jin ka."